Silin PVC, POP, jifsam ko allon siminti: wanne ya dace da wane ɗaki?

Galibi sai an buga kwano, kuɗi sun ja baya, sannan mai gini yake tuna zancen silin. A lokacin kuwa tambayarsa ba ta wuce biyu: nawa ne, kuma wanne ya fi kyau a ido. Amma silin shi ne shamakin da ke tsakanin mai barci da duk abin da ke cikin rufi, wato wayoyin wuta, zafin kwano, yoyon damina, ga ɓera da jemage. Idan gobara ta tashi kuma, abin da aka yi silin da shi ne zai nuna ko mutanen ɗakin suna da mintuna ashirin na fita ko mintuna biyu.

Kayan da ake samu a kasuwanninmu su ne PVC na roba, da POP, wato farin garin da ake kwaɓawa a yi zubinsa, da allon jifsam, da allon siminti, sai filawud da farin soso mai sauƙin kuɗi. Za mu auna su da ɗaki mai ƙafa 12 tsawo da 12 faɗi, wanda ya kai kusan murabba'in mita 13.

A fara da wuta, domin ita ce mai kisa nan take

Jifsam da POP asalinsu ɗaya ne, dutse ne mai laushi da ake ƙonawa a niƙa. Abin da ya sa suka yi fice wajen gobara shi ne ruwan da ke ɗaure cikin sinadarinsu: kusan kashi 21 cikin ɗari na nauyin jifsam ruwa ne, ko da kuwa ka taɓa shi ka ji a bushe ƙarau. Idan wuta ta dake shi, sai ruwan ya riƙa fita a matsayin tururi, kuma muddin bai gama fita ba, bayan allon ba ya wuce zafin tafasar ruwa da yawa. Katakon da ke sama ba ya kamawa a wannan zafi. Allo ɗaya mai kaurin milimita 12.5, idan an ɗaura shi daidai an toshe mahaɗansa, yana iya tsare wuta wajen rabin sa'a. Akwai kuma wanda aka yi musamman don gobara, mai kaurin milimita 15, galibi takardarsa ruwan hoda ce, an sa masa zaren gilashi a ciki don kada ya farfashe da wuri.

Allon siminti shi ma ba ya cin wuta. Sai dai siriri ne, daga milimita 3.5 zuwa 6, ba shi da wancan ruwa na ciki, saboda haka zafi yana ratsa shi da sauri, yakan kuma tsage ya faɗo idan wutar ta yi ƙarfi. Ba zai ƙara wa gobara mai ba, amma ba zai daɗe yana tsare ta kamar jifsam ba.

PVC ne ke buƙatar dogon bayani, domin masu sayar da shi suna cewa ba ya kama wuta, kuma akwai ƙamshin gaskiya a maganar. Ka kanga ashana a gefensa, zai yi baƙi ya nannaɗe, ka janye ta mutu. Dalili shi ne fiye da rabin nauyin robar, kusan kashi 57 cikin ɗari, sinadarin kulorin ne. To amma gobarar ɗaki ba ashana ba ce. Tun daga wajen digiri 80 PVC yake fara laushi, ya saki ƙusa, ya zazzago kan mutane da katifa, rufin ya buɗe wa wuta hanya zuwa katako. Da zafi ya haura digiri 200 kuma sai wancan kulorin ya fara fita a matsayin iska mai guba wadda ke zama asid idan ta taɓa danshin ido da maƙogwaro da huhu, tare da baƙin hayaƙi mai kauri da ke hana ganin ƙofa. Yawancin waɗanda ke rasuwa a gobarar gida hayaƙi ne ke kashe su kafin harshen wuta ya iso gare su. A ɗakin da tagoginsa ke da ƙarfen tsaro da ba ya buɗuwa, ƙofa ɗaya ce tak mafita, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Farin soson nan da ake mannawa, irin wanda ake naɗe talabijin da firji da shi, ba shi da gurbi a ɗakin da mutum ke kwana. Yana kamawa da sauri, yana narkewa yana ɗigo da wuta a jikinsa. Filawud da sauran allunan katako su ma itace ne, kuma bayan shekaru suna shan zafin kwano sun bushe sun zama makamashi.

Masu gina ɗakin taro da makarantun kwana su fi kowa lura. A watan Satumban 2023, a garin Hamdaniya da ke lardin Ninawa a Iraƙi, wasan wuta da aka kunna a wani ɗakin biki ya kama kayan adon silin, rufin ya riƙa zubowa kan jama'a cikin ɗan lokaci, mutane fiye da 100 suka mutu. A Santa Mariya ta ƙasar Barazil, a 2013, soson da aka manna a silin ne ya kama a wani gidan rawa, mutane 242 suka halaka, akasarinsu saboda hayaƙin.

Akwai wani kuskuren gini da ke rushe amfanin kowane irin silin. A jerin shaguna ko ɗakunan haya, magini yakan tsayar da bangon tsakani daidai tsayin silin, ya bar cikin rufin a buɗe tun daga ɗakin farko har na ƙarshe. Wuta ta tashi a shago ɗaya sai ta bi ta sama, ta sauka a shago na biyar alhali na biyu bai ma sani ba. Bulo biyu ko uku da za a ƙara har bangon ya taɓa kwano, a toshe da siminti, sun fi kowane silin mai tsada amfani a nan. Ɓarawon da ke bi ta silin ma ya rasa hanya.

Nauyi da yoyo

A nan lissafin ya juya. PVC bai wuce kilo 2 zuwa 3 a kowane murabba'in mita ba, wato ɗakinmu gaba ɗaya kilo 26 zuwa 40. Allon siminti yana kaiwa kilo 5 zuwa 8 a murabba'in mita gwargwadon kaurinsa. Jifsam mai milimita 12.5 yana wajen kilo 9, ɗakin ya tashi kusan kilo 115. POP na zubi mai kaurin santimita 2 kuwa yana kusan kilo 20 a murabba'in mita, jimla kusan kilo 260, nauyin buhun siminti biyar a rataye a saman gado. Idan an yi masa matakala da zane-zane da ramin fitilu, ya fi haka.

Wannan nauyi ba laifi ba ne idan abin da ke riƙe da shi lafiyayye ne. Masu aikin POP suna rataye allunan ne da zaren da suke kira filas, a tsoma shi cikin kwaɓin a naɗa a jikin katako, wasu su ƙara da waya. Wuraren da matsala ke fitowa sanannu ne. Kafinta ya yi tazarar katako fiye da santimita 60 don ya rage kuɗi. An yi amfani da ɗanyen katako, ya bushe ya murɗe. An rataye da baƙar waya maimakon mai rufin zin, danshin kwaɓin ya sa ta yi tsatsa ta tsinke bayan shekaru. Ko kuma gara ta cinye katakon daga ciki, waje yana nan kamar lafiya.

Babban abokin gabar POP da jifsam shi ne ruwa. Suna shan sa, su ƙara nauyi, su rasa ƙarfi a lokaci guda. Gidajen zamani masu ɓoyayyen rufi, waɗanda aka ja bango ya rufe kwano, su suka fi fama da wannan: ƙurar hunturu da leda da ganye su toshe kwata da indararo, ruwan farko na damina ya taru ya koma ciki. Alamomin da ba a jira da su: tabo mai ruwan ƙasa da ke faɗaɗa, tsagewa mai bin layin mahaɗi, ciki da ya sauko ko da na yatsa ɗaya ne, da gari-gari da ke zuba a ƙasa. In an ga haka a janye gado daga wurin a ranar, a hau a duba. A gyara kwano tukuna, a yanke wurin da ya jiƙe a sake shi. Shafa fenti a kan tabo ɓoye ciwo ne kawai. Takardar jifsam da ta daɗe a jiƙe kuma tana yin baƙin fumfuna, wanda ke tayar wa masu asma da yara ciwonsu.

PVC ba ruwansa da ruwa, shi ya sa ya dace da banɗaki da baranda. Amma wannan ma da nasa aibin: ba ya nuna tabo, sai ruwa ya yi shekaru yana ruɓar da katako a ɓoye ba wanda ya sani. Allon siminti ne ya fi daidaito a nan. Yana nuna tabon, ya bushe ya koma yadda yake, gara ba ta cin sa.

Tsakanin POP na zubi da allon jifsam, mu mun fi karkata ga allon. Nauyinsa bai kai rabi ba, kaurinsa ɗaya ne ko'ina tunda daga masana'anta ya fito, ana ɗaure shi da sukuru a kan siraran ƙarafa ko katako, tazarar sukuru kamar santimita 20 zuwa 23, kuma kana iya ƙirga su da idonka kafin a shafe. Ingancin POP ya dogara kacokan ga hannun wanda ya kwaɓa da amanarsa, kuma da zarar an rufe ba ka da hanyar gani. In an sami gwani mai tsoron Allah, POP yana shekaru da yawa ba abin da ya same shi. A wurin da ke da tururi, akwai jifsam mai koriyar takarda wanda ke jure danshi, amma shi ma ba ya jure yoyo.

Maganar asbestos

A kasuwa duk wani allon siminti mai ƙafa 4 da 4 ana ce masa asbestos, ko akwai sinadarin a ciki ko babu. Bambancin kuwa na rai da mutuwa ne. Tsofaffin alluna ana haɗa su da zaren asbestos kamar kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. Zaren ya fi gashi siranta nesa ba kusa ba, ido ba ya ganinsa, in ya shiga huhu ba ya fita. Yana jawo taurin huhu, da kansar huhu, da wata kansa ta fatar da ke lulluɓe da huhu wadda har yau ba a cika warkewa daga gare ta ba. Galibi ciwon ba ya bayyana sai bayan shekara 20 zuwa 40 ko fiye, shi ya sa kafintan da ya yanka allon yana saurayi ba ya danganta tarinsa na tsufa da aikin. Mai shan taba haɗarinsa ya ninka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kowane nau'in asbestos yana jawo kansa, kuma tana ƙiyasta mutuwar mutane fiye da 200,000 a shekara saboda shaƙarsa a wurin aiki. Birtaniya ta haramta shi gaba ɗaya a 1999, Tarayyar Turai a 2005, Afirka ta Kudu a 2008.

Sababbin alluna na kamfanonin kirki da zaren itace ake yin su. Mai saye ya nemi rubutu a jikin allon ko takardar kamfani da ke cewa babu asbestos, kada ya tsaya ga bakin mai shago. Tsohon allo da aka ciro daga wani gini ana sayarwa da araha, a bar shi. Ido ba ya bambance su, sai gwajin ɗakin bincike, saboda haka silin gidan gwamnati ko makaranta ko asibiti da ya kwana biyu a ɗauka yana da shi.

Wanda ya gaji irin wannan silin kada ya firgita ya sa a farfasa. Allon da ke zaune lafiya, ba tsagewa ba gari, zaren yana ɗaure cikin siminti, haɗarinsa kaɗan ne. A shafe shi da fenti hannu biyu ba tare da an goge da takarda mai yashi ba, a daina huda shi. Ranar cirewa ce ranar haɗari. In ya zama dole, a fitar da iyali da kaya, a kashe fanka, a shimfiɗa leda mai kauri a ƙasa. A jiƙa allon da ruwan da aka ɗiga wa sabulu, bayan an kashe wutar gidan daga babban makunni. A zare ƙusoshi a sauke shi ɗungurungum, ba guduma, ba zarto, ba injin yanka ko na huda. Ma'aikaci ya sa takunkumi mai lamba FFP3 ko P100 wanda ya kama fuska, domin na yadi da na asibiti ba sa tare wannan zare. A naɗe allunan cikin leda ninki biyu a ɗaure, a goge ɗakin da jiƙaƙƙen tsumma a jefa shi cikin ledar, kada tsintsiya ta taɓa wurin a bushe. Kayan da aka yi aikin da su kada a kai wa uwargida wanki. A tuntuɓi hukumar kula da muhalli ta jiha kan inda za a binne. Gutsattsarin kuma ba na rufe akurkin kaji ba ne, ba na cike ramin ƙofar gida ba, ba na wasan yara ba.

Sabon allon ma ƙurarsa tana da yashi mai lahani ga huhu. A yanka shi a waje, a jiƙe, ko a ja masa layi da wuƙa a karya.

Zafi, waya da ɓera

Kwano a ranar Afrilu a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi yana iya haura digiri 70. Babu ɗaya cikin waɗannan silin da zai tare wannan shi kaɗai, duk sirara ne. POP mai kauri yana jinkirta zafin, amma yana riƙe shi ya sake shi da dare. PVC mai arha da aka buga dab da kwano shi ne ke yin ciki yana lanƙwashewa bayan bazara biyu. Abin da ke kawo sauƙi na gaske shi ne takardar alminiyam mai ƙyalli a ƙarƙashin kwano da tazarar iska kamar santimita 2.5, ko audugar gilashi mai kaurin santimita 5 zuwa 10 a shimfiɗe kan silin, sannan kafofin iska a bakin rufi don zafin ya sami mafita. Tsayin ɗaki daga ƙasa zuwa silin na mita 2.7 zuwa 3 ya fi kowane ado amfani.

Kafofin iskar nan dole a rufe su da ragar ƙarfe mai ido ƙasa da milimita 6, domin ƙaramin ɓera yana bi ta ramin da fensir zai shiga. Ba don ƙarar gudunsu da dare kaɗai ba. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno a 1969, ta fitsari da kashin wani nau'in ɓera yake yaɗuwa, kuma silin mai ramuka a saman kicin ko ɗakin ajiyar hatsi yana zubo da su kan abinci. A nan silin da ba shi da mahaɗi a buɗe, wato POP da jifsam da aka shafe, ya fi allon siminti mai katakon rufe mahaɗi, ya kuma fi PVC da bakinsa ke buɗewa a jikin bango. Mai share cikin silin ya yayyafa ruwa mai bilic kafin ya kwashe, ya sa takunkumi da safar hannu.

Ɓeran nan kuma shi ke gwaguyar waya. Yawancin gobarar da ke farawa a cikin rufi daga nan take: waya tsirara a kan katako ba bututu, mahaɗi da aka murɗa da hannu aka naɗe da salatif, ko siririyar waya da aka ɗora wa kaya fiye da ƙarfinta. Kafin a rufe silin, mai gida ya hau da kansa ya gani. Kowace waya cikin bututu, kowane mahaɗi cikin akwati mai murfi. Wayar fitilu mai lamba 1.5, ta soket 2.5, ta na'urar sanyaya ɗaki da hitar ruwa 4, kuma tagulla ta gaske. Fitilun da ake nutsawa cikin silin su zama LED, domin tsofaffin masu zafi suna narkar da PVC suna ƙona katako. Ƙugiyar fanka a ɗaure ta a jikin katako mai kauri ko ƙarfe da ya hau kan bango, ba a jikin allo ko siririn katakon silin ba, fukafukanta kuma su yi aƙalla mita 2.3 daga ƙasa. A bar ƙofar shiga silin mai santimita 60 da 60, a baranda ko lungu, ko da mai POP ya ce za ta ɓata masa zane.

Katakon kansa a shafe shi da maganin gara na gaskiya kafin a buga. Baƙin man mota da ake shafawa don araha yana wari idan rufi ya yi zafi, yana ɓata farin silin da tabo, kuma mai ne aka shafa wa itace.

To wanne za a saya?

Ɗakunan kwana, falo da hanyar da za a bi a fita: allon jifsam mai milimita 12.5 idan rufin ba ya yoyo kuma akwai ma'aikacin da ya iya. In kuɗi bai kai ba, ko ana shakkar kwanon, allon siminti marar asbestos. Shi ne zaɓin da ya fi dacewa da ajin makaranta, ɗakin haya da shago, inda ba kullum ake kula da gyara ba. Kicin, musamman mai gas ko risho: allon siminti ko jifsam na gobara, PVC kuwa sam. Banɗaki da baranda: PVC ba laifi, in babu hitar ruwa ko tarin waya a samansa. POP na zubi ya tsaya a falo, bayan rufin ya ga damina ɗaya cikakkiya an tabbatar ba ya ɗigo, kuma a rage masa matakala a saman inda ake zama. Gidan da rufinsa na kankare ne bai buƙatar komai don tsaro, filasta da fenti sun wadatar, duk abin da aka rataya a ƙasansa ado ne da ƙarin nauyi.

Wanda ya riga ya buga PVC a ɗakunan kwana kuma ba shi da halin sauyawa yanzu, ya fara da abin da ya fi sauƙi: a kira mai aikin wuta ya bi wayoyin cikin rufi ɗaya bayan ɗaya, a sa na'urar katse wuta mai lamba 30mA a allon rarraba wuta, a manna ƙararrawar hayaƙi mai batir a silin hanyar ɗakuna, a kuma gyara ƙarfen taga ɗaya a kowane ɗaki ya zama mai buɗuwa daga ciki, makullinsa a rataye inda babba zai laluba ya samu cikin duhu. Idan kuɗin sauyawa ya samu, a fara da kicin da ɗakin yara.